Gudun Asuba Ba Zubar Da Girma Ba Ne

Kwanakin baya wani abokin arzikinmu, mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Sokode, ya kira mu a waya bayan mun kammala shirin lafiya a gidan rediyo. Ya ce likita ya auna shi ya tarar jininsa ya hau, ya rubuta masa magani, ya kuma umarce shi da ya riƙa motsa jiki. Magani dai ya saya yana sha, amma batun motsa jikin ne ya tsaya masa a rai. Ya ce da mu: "Yanzu ni da furfurata da iyalina, in fito titi ina gudu kamar wanda aka biyo? Ai kafin in sha kwana labari ya kai kasuwa cewa Alhaji ya taɓu."

Mun yi dariya tare da shi, amma maganar ba tasa ba ce shi kaɗai. Haka akasarinmu muke gani, daga Sokode zuwa Camba, daga Dapaong zuwa Sinkase. A wurinmu gudu na yara ne da sojoji da 'yan ƙwallon Semassi, shi kuwa babban mutum an san shi da tafiyar ƙasaita da tumbi a gaba. Mu dai ra'ayinmu shi ne wannan kunya ta fara cin rayukanmu, kuma lokaci ya yi da za mu ajiye ta.

Mu tuna yadda Hausa ta zo waɗannan garuruwa. Kakanninmu fatake da ƙafa suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, suna kore da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da jima, su ratso ta Jugu ko ta Sansanne Mango, su nufi Salga a ƙasar Gwanja su saro goro. Tafiya ce ta watanni, zuwa da dawowa. Unguwar Didawure ta Sokode a kan wannan hanya ta kafu, masaukin fatake ce tun asali. Madugun da ya jagoranci ayari har Gwanja, wa ya isa ya ce masa tafiyar ƙasa ta zubar masa da girma? To yau jikokinsu mun gaji cinikin, amma mun yar da tafiyar. Daga ƙofar gida sai kan babur ko zemijan, daga nan sai benci a shago tun safe har magariba, ga shayi mai sukari cokali huɗu, ga miya cike da gishiri da dunƙule, ga lemon kwalba duk lokacin da baƙo ya zo. Ko masallacin da ke bayan layi wani sai ya tada mashin.

Sakamakon kuwa yana nan a rubuce. Binciken da ma'aikatar lafiya ta Togo ta yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2010 ya gano kusan mutum ɗaya cikin biyar na manya yana da hawan jini, da aka sake binciken a 2021 kuwa adadin ya haura ɗaya cikin huɗu. Ko ba a kawo alƙaluma ba, kowannenmu ya san ɗan kasuwar da ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, shago ya koma hannun yara, bashin da yake bi ya bi ruwa, jarin shekara ashirin ya ƙare a sayen magani. Ɗan kasuwa yakan sa makulli biyu a shago, ya ɗauki mai gadi, amma jikin da ke nemo dukiyar ya bar shi ba kulawa. Alhali lafiya uwar jiki ce, ita ce jarin farko.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni mai sauƙi: babban mutum yana bukatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kamar tafiya da sauri, ko kuma minti 75 na mai ƙarfi, kamar gudu. Wato rabin awa sau biyar a mako in tafiya ce, ko minti 25 sau uku in gudu ne. Wanda ke iya ɓata awa biyu a majalisa ana gardamar ƙwallon Turai bai kamata ya ce ba shi da wannan lokaci ba.

Mun san abin da wasu za su ce. Na farko zai ce shi ai wuni yake yana zirga-zirga a kasuwa. In ɗan dako ne ko mai tura kura ko mai talla, mun yarda, shi ya riga ya biya nasa. Amma mai shagon da ke zaune yana aiken yara, leƙawa rumfar maƙwabci ba motsa jiki ba ne, domin sai zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya ɗan ɗaga, sannan jiki ke amfana. Na biyu zai ce gudu yana lalata gwiwa. Masu bincike sun duba, sun ga masu gudu daidai wa daida ba su fi masu zama yawan ciwon gwiwa ba. Abin da ya fi cin gwiwa shi ne nauyin da muke ɗora mata. Na uku zai ce komai ajali ne. Haka ne, amma addininmu ya koya mana mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Bugu da ƙari, ya zo a ruwayar Abu Dawud cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, ta tsere masa a na farko, ya tsere mata a na biyu. Wane Alhaji ne ya fi shi girma? Kuma duk wanda ya sauke farali ya san safa da marwa bakwai ɗin nan sun kai kimanin kilomita 3, har da wurin da ake so maza su yi sassarfa. Mai niyyar Makka ya sani ba a fafe gora ranar tafiya.

To, ta ina za a fara? A fara da awo. Duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da ƙiba, ko ciwon suga, ko yake da labarin ciwon zuciya a gidansu, ya je asibitin unguwa ko babban asibitin yanki na Sokode ko na Dapaong a auna jininsa da sugansa. In awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, sai ya ji ta bakin likita kafin ya fara. Wanda kuma aka ɗora a kan magani kada ya ajiye shi don ya fara gudu, likita ne kaɗai zai rage masa.

Daga nan sai a bi sannu, domin sannu ba ta hana zuwa. Kuskuren da muka fi gani shi ne mutum ya fito ranar farko da zafinsa, ya zuba gudu kamar zai kama ɓarawo, gobe ya kasa ruku'u, jibi ya ce abin ba nasa ba ne. Mako biyun farko tafiya kawai za a yi, da sauri kamar wanda mota za ta tashi ta bari, minti 20 zuwa 30, kwana uku a mako. A mako na uku sai a fara sassarfa ta minti ɗaya, tafiya ta minti biyu, a maimaita sau takwas. Kowane mako a ƙara wa sassarfar kaɗan, a rage wa tafiyar. A cikin wata biyu zuwa uku mutum zai iya rabin awa bai tsaya ba, wato kilomita 4 ko kusa da haka. In wani mako ya yi wuya, a sake shi, ba jarrabawa ake yi ba. A bar kwana ɗaya tsakanin gudu da gudu, saboda a ranar hutu ne jijiyoyi da gaɓoɓi ke ƙara ƙarfi. Kowace rana a buɗe da tafiyar minti biyar, a rufe da ita.

Ma'aunin sauri kuwa ba ya bukatar agogo mai tsada. In kana gudu kana iya yi wa abokin tafiyarka bayanin farashin masara a Sinkase ba tare da numfashi ya yanke maka magana ba, saurinka ya yi daidai. In ba ka iya haɗa kalma uku, ka rage. Amma in aka ji ƙirji ya ɗaure ko yana ciwo, ko jiri, ko zuciya na bugawa barkatai, a tsaya nan take a nemi asibiti, kada a ce bari a daure. Mai zazzaɓin cizon sauro ya kwanta har ya warke sarai. Mai ciwon suga da ke shan magani ya sa dabino biyu ko uku a aljihu, ya kuma duba tafin ƙafarsa bayan ya dawo, domin ƙaramin rauni a wurinsa babba ne.

Lokaci mafi dacewa a wurinmu shi ne bayan sallar asuba, da gari ya fara wayewa, kafin a buɗe shago. Da sanyin safiya ake kama fara. Musamman a Dapaong, inda zafin Maris da Afrilu kan kai maki 40, gudun rana tsaka neman halaka ne. Da hunturu, ranar da ƙura ta rufe gari, mai asma ko tari ya haƙura. A sha ruwa kofi ɗaya ko biyu kafin a fita, a ƙara bayan an dawo. In fitsari ya yi ja, ruwa ya yi kaɗan. Da azumi a mayar da abin tafiya mara nisa daf da shan ruwa, ko sassarfa bayan asham. Kuma muna roƙon matasa su nisanci tiramadol da lemon ƙara kuzari kafin gudu, domin ɓoye gajiya suke yi, su bar zuciya da wahala.

Sai batun wuri. Babbar hanyar da ta taso daga Lome zuwa Sinkase ta ratsa Sokode da Dapaong duka, kuma tireloli masu kai kaya Burkina Faso ba sa barci. A guje ta. A nemi filin ƙwallo ko na makaranta ko hanyar unguwa mara kwalta, wadda ta fi sauƙi ga gwiwa. In dole sai an bi titi, a bi gefen hagu ana fuskantar motoci, tun da a Togo dama ake tuƙi, a sa riga mai haske, a cire abin sauraro daga kunne. 'Yan'uwanmu na Dapaong da kewaye kuma sun san tun watan Yuni na 2022 aka sa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes saboda matsalar tsaro. Don haka a tsaya cikin gari, a jira haske, a fita cikin jama'a, a riƙe katin shaida.

Game da kaya, takalmi ne kawai ya cancanci a kashe wa kuɗi, shi ma ba sai sabo fil ba. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci gudun famfalaƙi na kilomita 42 a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960, amma shi ya saba tun yana yaro, mu kuwa ƙafafunmu sun saba da silifa, ga ƙusa da kwalba a hanya. Kambas na gwanjo, irin wanda ake sarowa daga kasuwar Hedzranawoe ta Lome, ya wadatar in an iya zaɓe, kuma ai ba a koya wa ɗan kasuwa duba kaya. A gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa a ƙafa. A bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmi. A danna ƙasansa, in ya bushe kamar katako ko dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya, a ajiye shi komai arharsa. Sabon takalmin gudu yakan yi kilomita 500 zuwa 800 kafin laushinsa ya mutu, wato mai yin kilomita 15 a mako zai yi wata takwas zuwa shekara da shi. Na gwanjo bai kai haka ba. Tufafi kuwa, riga mara nauyi da wando mai rufe gwiwa sun isa, an tsare lafiya an tsare al'aura. Masu sa rigar leda ko ɗaure ciki da roba don su yi gumi su daina, ruwan jiki suke zubarwa, kitse yana nan inda yake.

Kada kuma mu manta da iyayenmu mata, waɗanda suka fi mu zaman wuri ɗaya a bakin tire da cikin gida. Dogon wando da doguwar riga da hijabi mara kauri ba su hana tafiya da sauri ba. Su haɗu su huɗu ko biyar su zaga filin makaranta, ko ma tsakar gida in tana da faɗi. Mai juna biyu ta tambayi ungozoma. Maigida kuma ya bar su, domin kuɗin maganin Hajiya daga aljihunsa zai fita.

A ƙarshe muna kira ga sarakunan Zango da limamai da shugabannin 'yan kasuwa. Kunya ba ta kama jama'a, mutum ɗaya take kamawa. In dattawa biyar suka fito daga masallaci ɗaya suka zaga fili tare, mako ɗaya za a yi ana kallonsu, a na biyu wasu za su biyo. Yadda muke haɗa adashi don jari, haka za mu haɗa abokan fita, wanda ya makara a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Muna kuma roƙon hukumomin gari su ware wa jama'a lokacin safe a filayen wasa.

Shi dai abokin namu mai atamfa mun ba shi shawara ya fara da tafiya daga gida zuwa kasuwa da ƙafa, ya bar wa yaronsa babur ya biyo shi da shi. Ya ce zai gwada, in aka tambaye shi sai ya ce mai ne ya yi tsada. Mun ce masa ya faɗi duk abin da ya ga dama, muddin dai ƙafar tana takawa. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa albarka a kasuwa, amin.