RUWA A FITILAR MOTA: GARANTI BA ALFARMA BA NE

Jama'a, yau maganarmu a kan fitilar mota ce. Mun san wani zai karanta ya yi dariya, ya ce ina ruwan talaka da fitilar mota, shi da ko keke bai mallaka ba? To, a dakata a ji. Su wa ke cika motocin haya tun da asuba zuwa kasuwar Dawanau da ta Wudil da ta Mai'adua? Mu ne. Su wa ke kwana bisa buhunan albasa a bayan babbar mota tsakanin Kano da Ikko? Mu ne. 'Ya'yan wa ke tuƙa motoci da Adaidaita da aka karɓo bashi, ana biya kullum safiya? Namu ne. Sa'ad da fitila ta dushe da tsakar dare a kan hanya, mai kamfanin da ya sayar da motar yana gida yana barci, mu ne a ciki. Saboda haka maganar tamu ce.

Ga yadda abin ke faruwa. Mutum ya yi shekaru yana tari, ko kuwa 'yan kasuwa biyar sun haɗa kuɗi, an sayo sabuwar mota daga hannun dila, an ba su takardar garanti mai hatimi. Damina ta faɗi. Wata safiya ya fito ya tarar gilashin fitila ya yi fari kamar mai yana a ido. Ya sa tsumma ya goga, abin bai fita ba, domin daga ciki yake. Ya kai motar wurin da ya saya, sai wani mai farar riga ya leƙa, ko sunkuyawa bai yi ba, ya ce, "Alhaji, ai haka suke, ba komai." Wani lokaci gaskiya ya faɗa, wani lokaci kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Wanda bai iya rarrabe biyun nan ba, shi ake cuta.

Bari mu fara da inda suke da gaskiya, domin mu ba mu zo mu ɗora wa kowa laifin da bai yi ba. Tsofaffin direbobinmu sun san fitilar dā, wadda ƙwai da madubi da gilashi duk abu ɗaya ne, an liƙe su ruf, in ta mutu a cire ta ɗungum a jefar. A Amurka daga 1940 har zuwa 1983 kusan kowace mota irin wannan gare ta. Ita ba ta shan iska, saboda haka ba ta gumi. Fitilar yanzu dabam take. Akwati ne na roba, aka manna masa fuska da gam, fuskar nan da muke kira gilashi ita ma roba ce mai ƙarfi, sa'an nan aka bar murfi a baya don canjin ƙwai. In an kunna ta iskar ciki takan yi zafi ta kumbura, in an kashe ta huce ta tsuke. Da an toshe akwatin sarai, da wannan kumbura da tsukewa sun tsaga gam ɗin. Shi ya sa da gangan maƙera suka bar 'yan ƙananan kafofi a baya don ta riƙa numfashi.

To, ta kafofin nan iskar damina mai laima ke shiga. In ruwan sama ya bugi gilashin, ko sanyin asuba ya sauka, ko aka wanke mota tana da zafi, sai laimar ta kwanta a jikin gilashin daga ciki, kamar yadda tururi ke kwanciya a ƙarƙashin murfin tukunya. Wannan gumi ne kawai, in rana ta fito ko aka yi tafiya da fitila a kunne, yakan tafi da kansa. Ƙwan dā mai zare a ciki zafi gare shi ƙwarai, nan da nan yake busar da shi. Farin ƙwan zamani kuwa ba ya jefa zafi gaba sosai, saboda haka guminsa yakan daɗe. Duk wannan gaskiya ne, mun yarda.

Amma fa gumi dabam, yoyo dabam, kuma ba mu muka ƙago wannan bambanci ba. Su kansu maƙeran motoci suka rubuta shi. Littafin da kamfanin Ford ke bayarwa tare da motocinsa ya bayyana shi filla-filla. In hazo ne siriri, ba ɗigo, ba zirin ruwa, bai kuma rufe rabin gilashin ba, to ba laifi, kuma yana iya kai awa 48 kafin ya washe in gari a bushe yake. Amma in ruwa ya kwanta a gindin fitilar, ko aka ga manyan ɗigo, ko alamar inda ruwa ya gangara a jikin gilashin, to wannan ba a yarda da shi ba, a kai motar a gyara. Kun ji fa. Ashe "haka suke" tana da iyaka, kuma iyakar a rubuce take. Duk mai mota ya buɗe littafin tasa motar ya nemi inda aka yi wannan magana, in bai iya karatun ba ya ba ɗansa ya karanta masa.

Ruwa ba ya tsami banza. In ya kwanta cikin fitila, lalle ɗaya daga cikin huɗu ne: ko gam ɗin da ya riƙe fuskar ya saki, ko akwatin ya tsage, ko murfin baya bai zauna daidai ba, ko kuwa ƙura da laka sun toshe kafofin numfashi, laima ta shiga ta rasa hanyar fita. A motar da ba ta yi karo ba, ba wanda kuma ya taɓa buɗe fitilarta, laifin na ƙira ne, watau ainihin abin da aka yi garanti dominsa. Kada kuma a raina ɓarnarsa. Ɗigon ruwa yana watsa haske, direba ya rage gani, na gabansa kuma ido ya ɗauke. Madubin ciki ya dushe, wayoyi su yi tsatsa, na'urar da ke ba ƙwan wuta ta ƙone. A motoci da yawa na zamani ba a iya canja farin ƙwan nan shi kaɗai, tilas a sayi fitilar gaba ɗaya, kuma kuɗinta ba na wasa ba ne.

Yanzu sai mu zo ga dabarun da ake yi mana. Ta farko ita ce "je ka dawo." A ce injiniya ba ya nan, ka komo ran Alhamis. Kafin Alhamis rana ta busar da fitilar, ka zo a ce, "Ina ruwan? Mu ba mu ga komai ba." Ta biyu ita ce a juya maka laifi, a ce yaran wankin mota ne suka fesa mata ruwa da ƙarfi. Ta uku ita ce a kwance fitilar a hura mata iska mai zafi, a mayar, a ce an gyara, alhali kuwa tsagar tana nan, ruwan farko da zai zo ta sake cika. Ana ta wannan yawo da hankali har ranar garanti ta wuce, sa'an nan a miƙo maka takardar kuɗi da murmushi. Haba jama'a! Kuɗin garantin nan fa yana cikin kuɗin motar, mun riga mun biya tun ranar ciniki. In dila ya gyara, ba alheri ya yi mana ba, bashi ya biya.

Kuma doka tana bayanmu, illa dai yawancinmu ba mu sani ba. Akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar da dokar soja ta 1992 ta kafa. Sashe na 132 ya ce in kaya ba su cika sharaɗin inganci ba, mai saye na da ikon mayar da su cikin wata 3 daga ranar da ya karɓa, ba tare da an ci shi tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwar a wuyan mai sayarwa take. Tilas ya gyara, ko ya canja, ko ya mayar da kuɗi. Rubutun nan da ake bugawa a gindin rasit, wai in an saya ba a mayarwa, ba ya shafe wannan haƙƙi.

Sai dai a nan akwai wani rami da ya shafe mu mutanen Arewa musamman. Wanda ya sayi mota a Kano ko Katsina ko Sakkwato cikin Nuwamba, wata ukunsa zai ƙare cikin Fabrairu, alhali motar ba za ta ga ruwan kirki ba sai Mayu ko Yuni. Watau lokacin da doka ta ba shi ya ƙare tun aibin bai sami ranar bayyana ba. Kuma yawancinmu a lokacin nan muke saye, bayan kaka, sa'ad da kuɗi ya shigo hannu. Gaskiya ne garantin kamfani ya fi wannan tsawo, da yawa sukan ba da shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Amma a yi lissafi. Motar haya da ke cin kilomita 300 kullum za ta cinye 100,000 ɗin nan tun shekara ba ta zagayo ba, damina ɗaya tak za ta gani a cikin garanti. Na Adaidaita da babur kuwa ya fi wannan gajarta nesa ba kusa ba.

To, mene ne abin yi? Na farko, tun ran gini ran zane. Ranar ciniki a ce su wanke motar a gabanka, a zuba wa fitilun ruwa sosai, washegari ka duba su da kyau. Na biyu, ran da ka fara ganin ruwa, ɗauki hoto da wayarka nan take, yadda lambar motar za ta fito, ka sake ɗauka bayan kwana biyu. Na uku, kada ka bar garejin dila sai an rubuta kukanka a takarda mai kwanan wata da sa hannu, an ba ka taka. Takardar nan ita ce shaidarka cewa ka kawo ƙara tun garanti na da rai, maganar fatar baki kuwa iska ce. Na huɗu, kuma a nan aka fi yin asara, kada ka bari bakanike ko mai wayarin na bakin titi ya huda fitilar da ƙusa don ruwa ya zube, ko ya shafe ta da gam, ko ya sa mata ƙwan da ya fi nata ƙarfi. Ran da aka yi haka ka ba dila hujjar da yake nema. Na biyar, ka adana rasit da littafin sabis mai hatimi kamar yadda kake adana takardar gida. In duk da haka aka ƙi, ka rubuta wa uwar kamfanin, ka kuma kai ƙara FCCPC, ko hukumar kare masu saye ta jiharka, irin wadda ke Kano.

Masu sayen 'yar Beljiyam kuwa, mu ne muka fi yawa, sai mu ƙara buɗe ido. Garantin maƙera galibi ya daɗe da ƙarewa, ko kuwa bai ƙetaro teku tare da motar ba. A 2017 ambaliyar guguwar Harvey ta nutsar da dubun dubatar motoci a jihar Teksas ta Amurka, kuma irin motocin da ruwa ya ci akan yi gwanjonsu, wasu su ƙare a ƙasashen waje. In ka ga zoben laka ko alamar inda ruwa ya tsaya a cikin fitila, ka leƙa ƙarƙashin kafet da cikin but kafin ka ƙirga ko kwabo. Duk alkawarin da dillali ya yi maka kuma, ya rubuta shi a jikin rasit. In ya ƙi, cinikin biri a sama ne, ka kama gabanka.

Daga ƙarshe muna da kira guda uku. Ga dilolin motoci: ku rubuta a takardar garanti da Hausa, baƙi da fari, mene ne gumi mene ne yoyo, ku kuma ɗauki alkawarin cewa duk motar da kuka sayar da rani, garantin yoyonta zai kai ƙarshen damina mai zuwa. Wanda kayansa ke da kyau ba ya tsoron ruwan sama. Ga hukuma: ku duba lissafin nan na wata uku, ku san ƙasar nan ba yanayi ɗaya gare ta ba, kuma ku riƙa shelar dokar a rediyo da harshen da muke ji. Ga ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa kuwa: ku buɗe littafi a ofishinku, duk wanda aka yi wa "je ka dawo" ya zo a rubuta irin motarsa da kwanan wata. Mutum ɗaya in ya je garejin dila, ana iya shanya shi a benci har la'asar. Amma in shugaban tasha ya shiga da takardu ashirin a hannu, duk kuka ɗaya, manaja da kansa zai fito ya ba shi kujera. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa a rumfa, ya kuma gaya wa direban da ke ɗaukar masa kaya. Gobe da safe, kafin a yi lodi, kowa ya sunkuya ya dubi fitilar motar da zai shiga.