Layin Murhun Lantarki: A Taɓa Shi Da Sani

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu tsakanin ƙananan ma'aikata da ɗaliban da ke zaune a gidajen haya, wadda ya kamata mu tsaya mu dube ta da idon basira. Yawancin gidajen ma'aikata an gina su da layin wuta na musamman a ɗakin girki, domin murhun lantarki. To, mu kuwa da gas ko risho muke girki. Saboda haka sai layin ya zauna ba aiki, ga shi soket ɗaya tak a bango, ga firji, ga buta, ga dutsen guga duk suna jira. Sai maigida ya kira yaro mai gyaran wuta ya ce, "Ja mini soket huɗu daga nan."

Ni ban ga laifin wannan niyya ba. Layin murhu ya fi kowane layi ƙarfi a gida, barinsa a banza kuwa asara ce. Abin da nake ƙi shi ne a yi aikin da ka, don kawai a rage kuɗin waya.

Tsarin wayarin ɗinmu daga Ingila muka gaje shi, har da filogin nan mai ƙafa uku wanda suka fito da shi a 1947. A wannan tsari, layin murhu yakan zo da waya mai kauri, wadda masu sana'ar ke kira mai milimita 6, da fis ko makatsin wuta mai amfiya 30 ko 32. Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, wannan fis ɗin ba don tsaron murhu aka sa shi ba. Aikinsa shi ne ya katse wuta kafin wayar da ke cikin bango ta yi zafin da zai narkar da robarta. Watau gwargwadon kaurin waya, gwargwadon girman fis.

Yanzu ɗan'uwa, mu yi lissafi. Ƙarfin wutarmu bolt 230 ne. Buta mai wat 2,300 tana jan amfiya 10. Hitar ruwan wanka mai irin wannan ƙarfi, wasu 10 ke nan. Dutsen guga mai wat 1,600 kuwa kusan 7. Jimla 27, ba a ma sa firji ba. Idan mai gyara ya jera soket ɗin nan a kan waya mai milimita 2.5, wadda in tana cikin bututu a bango ba ta ɗaukar abin da ya wuce amfiya 20 da 'yan kai, to wayar ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta, alhali makatsin 32 bai ga dalilin motsawa ba. Bugu da ƙari, an auna ƙarfin wayoyin ne bisa zafin digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato yakan haura 40. Haka wayar za ta yi ta dahuwa a ɓoye, har ranar da za a wayi gari da gobara a ce tsautsayi ne.

Gyaran kuwa ba shi da wuya. Ko dai a sauke makatsin zuwa amfiya 20 sa'an nan a ja soket da waya mai milimita 2.5, ko a bar shi a 32 a yi aiki da waya mai kaurin da ya dace da shi, ko kuma a sa akwatin fis mai amfiya 13 a gindin sabon reshen. Lalle ne wayar ƙasa ta kai ga kowane soket. A kuma sa na'urar nan mai yanke wuta da zarar ta fara yoyo ta jikin mutum, mai miliamfiya 30, wadda ƙa'idar Ingila ta wajabta wa soket na gida tun 2008. Ɗakin girki wurin ruwa ne da jiƙaƙƙen hannu, matanmu da ƙannenmu ne kuma ke yini a ciki.

Wani zai ce ƙwararre tsada gare shi, albashi kuma bai kai ba. Gaskiya ne. Amma araha ba ta ado, kuɗin makatsi ɗaya kuma bai kai kuɗin firjin da ake so a jona ba, balle ran mutum. Tun 2015 akwai hukumar NEMSA mai ba masu wayarin shaidar ƙwarewa. Neman ganin takardar ba cin fuska ba ne. Haka nan wanda ke gidan haya ko na gwamnati, ya nemi izini kafin ya taɓa bango, a kuma rubuta canjin a jikin akwatin fis, domin wanda zai gaje shi kada ya zo ya jona murhu cikin rashin sani.

Mu da aka kashe wa dukiyar talakawa muka yi karatu, abin kunya ne a ce ba za mu iya tambayar mai gyara abu biyu ba: wace irin waya za ka sa, kuma fis mai nawa ne ke tsaronta? In ya kasa amsawa, a sallame shi da mutunci, a nemo wani.