Ra'ayinmu: Kada Tarihin Damagaram Ya Zama Haja

Ƴan kasuwa da iyayenmu mata masu sana'a, yau maganarmu da ku ce.

A arewa maso gabashin jahar Damagaram, cikin yankin Tasker, akwai tsaunin Termit. Yau duwatsu ne da rairayi, amma a da can mutane sun zauna a wurin. Tun cikin shekarun 1970 masana tarihi, irin su Bafaranshe Gérard Quéchon, suka yi ta bincike a can. Sun samo fasassun tukwane da kayan ƙarfe da na tagulla, da wuraren narka tama a Do Dimmi waɗanda suka haura shekara 2,500. Ke nan fiye da shekara 2,000 kafin Sarki Tanimun ya kewaye Birni da garu, maƙeran ƙasar nan sun riga sun san wuta da tama.

Ta yaya aka gane shekarun? Da gawayin da aka tarar tare da kayan, a inda masu su suka bar su, shi ake aunawa. Duk tukunyar da aka tone a ɓoye aka kai kasuwa ta rasa shaidarta, tamkar littafin bashin da aka yage masa sunaye.

Mun ga abin da ya faru a Bura, kusa da Tera. An gano wurin a 1975, Bube Gado na Jami'ar Yamai ya yi aikin tono a 1983. Daga baya masu haƙar dare suka far wa yankin, gumakan yumɓu suka ƙare a Turai, mazauna wurin aka bar su da ramuka. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Mun san rayuwa ta yi tsada, amma ɓarawo ba ya sata sai ya san mai saye. Dokar 1997 ta kare kayan tarihin Nijar, mai saye ma yana iya shiga hannu. Saboda haka in an kawo muku tsohuwar tukunya, ko duwatsun wuya, ko kan kibiya na tono a Kasuwar Dole, ku tambayi asalinsu, kada ku saya, ku sanar da mai unguwa.

Ita kuma gwamnati, muna kira gare ta da ta sa masu gadi a waɗannan wurare, ta kuma bayyana wa jama'a da Hausa abin da aka gano. Wanda bai san darajar gadonsa ba, da araha zai rabu da shi.