Kaya yadda mai saye ke so: shin manhaja na tabbatar da inganci?

Tun a shekarar 1999 kamfanin Nike ya fara bai wa mai saye damar zaɓar launin takalminsa ta intanet, tsarin da yanzu ake kira Nike By You. Masana'antun motoci, kayan ɗaki da tufafi sun bi sahu. Manhaja ce ke karɓar zaɓin mutum, ta mayar da shi umarni ga injina.

Babban amfaninta shi ne toshe kuskure tun kafin a taɓa kaya. Idan mai saye ya haɗa abubuwan da ba sa tafiya tare, odar ba za ta wuce ba. Kamfanin Lectra na Faransa, wanda ya sayi Gerber Technology na Amurka a 2021, yana sayar da manhaja da na'urorin da ke kai awo kai tsaye zuwa teburin yankan yadi, ba tare da an sake kwafe lamba da hannu ba.

Sai dai yawan zaɓi na zuwa da nasa nauyin. Takalmi mai sassa 5, kowane sashe da launi 10, yana iya fitowa a siffa 100,000. A da, mai duba inganci kan tsamo kaɗan daga dubban kaya iri ɗaya ya gwada. Yanzu da wuya guda biyu su yi kama, don haka inganci ya koma kan ƙa'idojin da aka shigar wa manhajar, da kyawun fata, yadi da gam, da kuma horon ma'aikata. Idan awon farko ya karkace, injin zai yanka kuskuren daidai yadda aka ba shi.

Wannan ya shafi 'yan kasuwar Garwa, Njamena da Kumasi masu ba da odar atamfa ko kayan makaranta da tambarinsu daga ƙetare. Ko a Tarayyar Turai, dokar 2011 da ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya mayar da kaya ba ta haɗa da abin da aka ƙera bisa umarninsa ba, sai in yana da aibi. Kayan da ke ɗauke da sunan wata makaranta kuwa ba su da wani mai saye. Shi ya sa hoton da manhaja ta nuna ba ya maye gurbin samfur a hannu da yarjejeniya a rubuce kafin a biya kuɗi.