FILIN ANTI: Yaushe Rabonki Da Leƙa Makarantar Ƙanwarki?

 

Makon jiya na raka 'yar yayata firamaren unguwarmu, don na lura tana aji huɗu amma har yau sai ta yi ta kame-kame kafin ta haɗa baƙi da wasali. Ina shiga ofis hedimasta ya gyara zama, ya zaci faɗa na zo yi. Da na ce karatun yarinya na zo tambaya, sai dattijon nan ya yi ajiyar zuciya. Ya ce abu biyu ya saba gani suna kawo iyaye wurinsa: ko an zane yaro su zo da masifa, ko an koro shi a kan kuɗi. In an kira taron iyaye da malamai kuwa, maza 'yan ƙalilan ke zuwa, uwaye ko ƙeyarsu. Sannan ya buɗe rajista ya nuna mini, ashe duk ranar kasuwa yarinyar nan ba ta aji, tana can da farantin talla. Wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage in shige!

Tun 1976 da aka soma shirin UPE na firamare kyauta, da yawanmu suka ɗauka makaranta kayan gwamnati ce, ba ruwan kowa. A 1999 aka ƙaddamar da UBE a Sakkwato, dokar 2004 kuma ta wajabta karatun shekara tara, ta ɗora wa iyaye alhakin tura 'ya'yansu. To amma turawa kaɗai ba ta isa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ni ma fa ban raga masa ba. Na ce Malam, wasunku ba sa tunawa da iyaye sai iska ta yaye rufin aji. Ku kira taro da hantsi Inna na fama da murhu, takardar gayyata kuma da Turanci, ya za a yi ta zo? Ya yi dariya, ya ce na yi gaskiya.

To ƙanwata, ke da Allah ya ba ki karatu, ke ce gadar da ke tsakanin Inna da makaranta. Bayan magariba ki karɓi littafin ƙanwarki ki ce ta karanta miki layi biyu. In an aiko da takarda ki fassara wa Inna. Ki lallaɓa Baba ya bar ku ku je ku gaisa da malamar ajinta, ko sau ɗaya a zango. Maganar talla kuma ki roƙi Inna cikin ladabi a bari sai an tashi daga makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gobe ke ma uwa ce.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum,
Anti