Farar pizza mai zuma da barkono: ku daina cewa ba pizza ba ce

1/ Jama'a yau sai na faɗi abin da ke raina. Pizzar da ba a sa mata tumatir, wadda ake yaryaɗa wa zuma mai yaji, ita ce ta fi dacewa da kicin ɗinmu. Ba ta jiran farashin tumatir, ba ta jiƙewa a tsakiya, kuma bakinmu ya riga ya san irin ɗanɗanonta. Ku biyo zaren nan 🧵

2/ Na san abin da za a fara cewa: "Pizza ba tumatir ai burodi ne da cuku." To Malam tsaya ka ji. Kalmar pizza ta fara bayyana a rubuce a shekarar 997, a garin Gaeta na Italiya. Shi kuwa tumatir daga nahiyar Amurka ya fito, bai shiga Turai ba sai a ƙarni na 16.

3/ Ka lissafa da kanka: sama da shekara 500 ana kiran sunan pizza babu ko ƙwayar tumatir a Italiya. Ita Margherita da ake ɗauka uwar pizza, labarin da ake bayarwa na sa mata suna a 1889 ne, a birnin Naples. Ke nan fara ce yaya, ja ce ƙanwa. A dinga girmama na gaba 😌

4/ Har gobe in ka shiga gidan burodi a birnin Rum ka ce a ba ka pizza bianca, wato farar pizza, abin da za a yanko maka shi ne gasasshen kwaɓi da man zaitun da gishiri. Ko cuku babu. A New York ne aka fi saninta da cuku iri biyu, mozzarella da ricotta, da tafarnuwa.

5/ Zuma mai yaji fa? Wani Ba'amurke, Mike Kurtz, ya ci karo da ita a wani shagon pizza a Brazil a 2003 yana ɗalibi. A 2010 ya fara sa tasa a shagon Paulie Gee's da ke Brooklyn, daga nan abin ya bazu. Yanzu har kamfanoni na sayar da ita a kwalba.

6/ Masu yatsina fuska suna "zaƙi da yaji a abu ɗaya? Allah ya kiyaye", ina da tambaya. Me ke cikin fura? Citta, kanumfari, barkono. Da me ake dama ta? Nono. Me ake ƙara mata? Sukari. Madara, zaƙi, yaji. To wannan haɗin ne fa ke kan farar pizza, hatsin ne kawai ya canza.

7/ Dakuwa ma haka, ga zaƙi ga barkono yana cizon harshe. Kunun tsamiya haka. Abin da wasu suka gano jiya-jiya suke ta ɗoki a kai, kakanninmu sun daɗe suna shan sa a ƙwarya. Don Allah kar mu zama baƙi a gidanmu.

8/ Kuma akwai dalili a kimiyyance. Sinadarin da ke sa barkono zafi, kafsaisin, ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa. Shi ya sa shan ruwa ba ya kashe yaji amma nono na kashewa. Cuku na rage raɗaɗin, zuma na lallashin harshe, sai ka ji ƙamshin barkonon ba azabarsa ba.

9/ Yanzu maganar aljihu. Duk wanda ke cefane ya san yadda tumatir ke yi mana duk damina. A 2016 tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci. 'Yar'uwa mai sana'ar pizza daga gida, bai kamata kasuwarki ta rataya a wuyan kwandon tumatir ba.

10/ Sai babban dalilina: wuta. Murhun itacen Naples yana haura digiri 430, pizza na gasuwa cikin daƙiƙa 60 zuwa 90. Oven ɗin gida da kyar yake wuce 250. A wannan zafin, miyar tumatir mai ruwa sai ta jiƙa kwaɓin kafin ya gasu. Shi ya sa pizzar gida ke fitowa tsakiyarta caɓal. Fara ba ta da wannan matsalar.

11/ To ga yadda ake yi, na pizza biyu matsakaita.
Fulawa giram 300, kusan kofi biyu da rabi
Ruwa mai ɗumi mililita 190
Yis ƙaramin cokali 1
Gishiri ƙaramin cokali 1
Mai babban cokali 1
A kwaɓa, a murza minti 10 har ya yi sumul, a rufe.

12/ A zafin garinmu awa ɗaya zuwa biyu ya isa ya ninka. Amma in kuna da wuta tsayayya, ku bar shi ya kwana a firij. Tashi a hankali na ba shi ƙamshi da ramuka a ciki. Ku fito da shi awa ɗaya kafin gashi, don kwaɓi mai sanyi taurin kai gare shi, kana ja yana komawa.

13/ Cuku. A nan ne masu suka ke da gaskiya: mozzarella na da tsada, ba musu. Amma farar pizza ba ta buƙatar a binne ta da shi. Giram 100 ya ishi guda ɗaya, sauran aikin farin cuku mai laushi ne zai yi, kuma wannan a gida za ku haɗa.

14/ Madara lita 1, ko ta gari mai maiƙo da aka dama. A ɗora a wuta har gefen tukunya ya fara ƙananan kumfa, a kashe, a zuba ruwan lemun tsami babban cokali 3. A bar shi minti 10, zai tsinke. A tace a kyallen tatar koko, a sa ɗan gishiri. Shi ke nan, ya maye gurbin ricotta.

15/ Gargaɗi: wara ta madarar shanu da Fulani ke yi da ruwan tumfafiya ba ta narkewa, komai wutar da aka ba ta. Za a iya marmasa ta a kai, tana da daɗi, amma kar a jira ta yi zare. Awarar waken suya kuma don Allah a bar ta wajen suya da yaji, nan ne gidanta 😂

16/ Maimakon miya: tafarnuwa ƙwaya 3 a daka, a zuba cikin man zaitun ko man gyaɗa babban cokali 2, a ɗan ɗumama. Kar ta yi ja, in ta ƙone ɗaci take. Wannan man za a shafa a kan kwaɓin bayan an buɗe shi da hannu. Da hannu na ce, muburgi na kashe iskar ciki.

17/ Jerin hawa: man tafarnuwa, mozzarella, sai farin cukun a ɗiga cokali-cokali nan da can, sai albasa siririn yanka. Kar a cika kaya. Oven a ƙure shi, a sa tiren ciki ya yi zafi tun kafin pizza ta hau. Minti 8 zuwa 12, har gefen ya yi ja.

18/ Ba oven? Ba wuta? Ba damuwa. Kasko mai kauri da murfi a kan gas ko gawayi. A gasa gefe ɗaya na kwaɓin minti 2 zuwa 3, a juya, a jera kaya a kan gefen da ya gasu, a rufe, a rage wuta har cukun ya narke. 'Yan hostel wannan taku ce.

19/ Zumar: rabin kofi a ƙaramar tukunya, dakakken busasshen barkono ƙaramin cokali 1 ko 2. Wuta kaɗan-kaɗan, minti 4, kar ta tafasa. A sauke, a ɗiga lemun tsami ƙaramin cokali 1 da ɗan gishiri. Tsamin nan shi ke hana zaƙin ya gundure ka.

20/ In da ɗanyen attaruhu kuka yi, ƙamshinsa ya fi, amma yana da ruwa, don haka a ajiye a firij a cinye cikin mako. Ta busasshen barkono ta fi daɗewa.

21/ Doka ɗaya da ba a karyawa: zuma BAYAN an sauke, ba kafin gashi ba. Sukarinta na ƙonewa a wuta mai ƙarfi, sai ta yi baƙi ta yi ɗaci. A yaryaɗa siriri pizza na tururi, a watsa ganyen ɗoɗɗoya. Cokali ɗaya ya isa, ba alkaki ake yi ba.

22/ Nama fa? Ta Brooklyn da naman alade ake yi, wannan ba namu ba ne. Mu muna da kilishi. A yayyaga shi ƙanana a watsa bayan an sauke, don a oven ƙonewa yake. Gishirinsa da ƙulinsa da zumar nan... ku dai gwada. Ragowar gasasshiyar kaza ma ta yi.

23/ Abu biyu na lafiya, kar a ce ban faɗa ba. Ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko lasa, saboda haɗarin cutar botulizim. Mai ciwon suga kuma ya sani zuma sukari ce, kar kalmar "ta asali" ta ruɗe shi.

24/ Ban ce a yi watsi da jar pizza ba, tana da ranarta, musamman lokacin rani da tumatir ke arha. Abin da nake cewa, mu daina kallon fara kamar wadda aka yi don rashi. Abinci ne mai asali, kuma fulawa, madara, tafarnuwa, zuma da barkono duk suna kasuwar unguwarku.

25/ Wanda ya gwada ranar Asabar ya ajiye mana hoto a ƙasa. Team kilishi da team kaza kuma ku fito mu ƙidaya ku. Masu cewa har yanzu ba pizza ba ce, ku fara amsa min tambayar fura tukuna 👀