Cunkoson Gidajen Yari: Wanda Ke Turawa Ba Shi Ke Ciyarwa Ba

Duk wanda ya dubi ƙididdigar da Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta Nijeriya ke fitarwa a 'yan shekarun nan, ya ga cewa mutum wajen 80,000 ne ke tsare a gidajen da aka gina domin wajen 50,000, abin da zai fara zo masa a rai shi ne a ƙara gini. Amma idan ya ƙara nutsuwa, ya tarar cewa kusan kashi biyu bisa uku na waɗannan bayin Allah ba a yanke musu hukuncin kome ba, jiran shari'a kawai suke yi, waɗansu wata da watanni, waɗansu shekara da shekaru, to, zai gane cewa illar ba ta ƙarancin bulo da siminti ba ce. Da a ce waɗanda alƙali ya tabbatar wa laifi kaɗai ke ciki, da rabin ɗakunan nan babu kowa.

Ba na musun cewa gine-ginen sun tsufa. A watan Afrilu na 2024 ruwan sama na dare guda ya rushe katangar gidan yarin Suleja, fursuna sama da 100 suka fice, kuma a watan Satumba na shekarar ambaliyar madatsar Alau ta yi wa na Maiduguri irin wannan ɓarna. Na Kurmawa a Kano tun farkon zamanin Turawa yake, birni ya cika ya kewaye shi, shi ya sa aka gina sabo a Janguza mai ɗaukar mutum 3,000. Madalla da wannan. Sai dai in hanyar da ke kai mutane ciki ba ta sake ba, sabon ma cika zai yi.

Ga yadda hanyar take, kuma duk wanda ya taɓa zaman benci a kotun majistare ya san ta. 'Yan sanda su kama mutum bisa tuhumar babban laifi, kamar fashi ko kisa, su kai shi gaban majistaren da ba shi da hurumin sauraron ƙarar, shi kuma ya ce a ajiye shi a gidan yari har lauyoyin Ma'aikatar Shari'a su ba da shawara. Daga nan fayil ya shiga yawo tsakanin ofis da ofis, ɗan sandan da ya yi bincike a yi masa canjin wurin aiki, shaidu su gaji da zuwa, ran da aka sa za a zauna a ce babu motar kawo fursuna, a ɗage. Mai ƙaramin laifi kuwa, wanda ya saci akuya ko wayar hannu, sau da yawa an ba da belinsa, amma bisa sharaɗin ya kawo babban ma'aikacin gwamnati ko mai takardar fili ya tsaya masa, alhali shi ɗan ci-rani ne, bai san kowa a garin ba sai uban ɗakin da ya kai shi ƙara. Haka zai zauna har ya wuce wa'adin da za a ɗaure shi da an same shi da laifin.

Malamanmu na fiƙihu ba su ɗauki habsi, watau tsare mutum, da wasa ba. Asalin ƙa'ida a wurinsu shi ne mutum kuɓutacce ne har hujja ta tsayu a kansa, kuma tsarewa saboda tuhuma sun yi mata iyaka gwargwadon halin wanda ake tuhuma da ƙarfin alamar da ke kansa. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, babu wani gida da aka keɓe domin ɗauri, sai a halifancin Sayyidina Umar, da jama'a ta yawaita, aka sayi gidan Safwanu ɗan Umayya a Makka saboda haka. Alƙali Abu Yusuf, a cikin Kitabul Haraji, ya yi wa Haruna Rashidu nasiha da a ciyar da fursunoni a tufatar da su daga baitulmali, a kuma riƙa duba al'amarinsu ba da jinkiri ba, mai laifi a ladabta shi, marar laifi a sake shi. Wanda bashi ya ci ƙarfinsa, in talaucinsa ya tabbata, hukuncinsa a saurara masa har ya samu. Ga kuma sulhu, ga diyya, ga biyan abin da aka ɓata, ga ta'aziri wanda aka bar wa alƙali faɗinsa. Ina mamakin yadda a jihohin da suka yi shelar Shari'a tun shekarar 2000 har yanzu ake samun talaka a ɗaure saboda tarar da ba ta kai kuɗin buhun masara ba.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ce umarnin ajiye wanda ake tuhuma kada ya wuce kwana 14 a karon farko, kuma ba a sabunta shi sai da dalili. Ta kuma ɗora wa majistare ziyarar ofisoshin 'yan sanda kowane wata. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 da Shugaba Buhari ya sa wa hannu ta kafa sashe guda na hukuncin da ba ɗauri, watau aikin gayya ga al'umma, da sakin talala ƙarƙashin sa ido, da sasanta mai laifi da wanda ya cuta. Har ta ba shugaban gidan yari ikon ya ƙi karɓar sababbin fursuna idan gida ya cika aka sanar da mahukunta ba su yi kome ba. Nassi dai ga shi a rubuce, aiki da shi ne ya yi ƙaranci.

Me ya sa? A ganina babban sababi shi ne wanda ke turawa ba shi ke ciyarwa ba. Mafi yawan waɗanda ke tsare dokokin jiha ake tuhumarsu da karyawa, kotunan jiha suka aika da su, lauyoyin jiha ke riƙe da fayilolinsu, amma tun da aka karɓe gidajen yarin En'e aka haɗe su a hannun Tarayya a 1968, abincinsu da maganinsu da albashin gandirobobi duk daga Abuja suke fitowa. Kuɗin abincin fursuna guda a yini, bayan ƙarin da aka yi daga naira 750, shi ne naira 1,125, wanda ko gabzar kirki ba zai saya ba. Amma ko wannan ɗin gwamna ba ya jin zafinsa a asusunsa, saboda haka ko mutum ya shekara goma yana jira, babu wanda zai tambayi Kwamishinan Shari'a dalili. A watan Maris na 2023 an gyara tsarin mulki yadda jihohi ma suna da ikon kafa gidajen yari da tafiyar da su, amma ba mu ga suna rige-rigen ɗaukar nauyin ba.

A watan Nuwamba na 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya tara naira miliyan 585 daga masu hannu da shuni aka biya tarar fursuna 4,068. Aikin lada ne, babu shakka, kuma irinsa ya cancanci rabo daga kuɗin hukumomin zakka, tun da mabarta suna cikin waɗanda aka ambata sun cancanci zakka. Amma kwashe ruwa ne daga ɗaki alhali rufin yana yoyo.

Saboda haka kirana ga gwamnoni da manyan alƙalan jihohi da majalisun dokoki shi ne a wajabta wa kowace jiha biyan abincin duk wanda kotunta ta ajiye ba hukunci, a sa wa Ma'aikatar Shari'a wa'adin da in ya wuce ba ta ba da shawara ba a saki mutum bisa beli, a sassauta sharuɗɗan beli yadda mai unguwa ko limami zai iya tsaya wa talaka, a kuma umarci alƙalan ƙananan kotuna, na majistare da na Shari'a, su rubuta dalilinsu duk ran da suka zaɓi ɗauri a kan ƙaramin laifi suka bar sulhu da aikin al'umma. Babban Jojin kowace jiha yana da ikon ya shiga gidan yari ya saki wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. Ya riƙa shiga duk bayan wata uku, kada ya jira azumi ko jajibirin salla.